Daga thrash zuwa death metal: abin da ya canza a hannu, a ƙafa da a maƙogwaro

Tambaya: Ana cewa kiɗan death metal daga thrash ya fito, amma da na saurari Metallica sannan na saurari Morbid Angel ban ji abin da ya haɗa su ba. Ta ina aka bi? Kuma mai kaɗa jita da yake so ya gane bambancin da hannunsa, me zai yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka bai yi maka ƙarya ba, reshen da ka kama ne ba shi ba. Thrash, wato kiɗan jitar lantarki mai nauyi da gudu, ya rabu biyu tun yana jariri. A 1983 Metallica suka fitar da Kill 'Em All, a ƙarshen shekarar Slayer suka fitar da Show No Mercy, dukkansu 'yan Kalifoniya ta Amurka, dukkansu kuma daga rijiya ɗaya suka sha: saurin Motörhead, ƙazantar amon Venom na garin Newcastle a Ingila, da zafin ƙungiyoyin fank (punk) irin su Discharge. Metallica da Anthrax da Megadeth suka bi hanyar gyara, ana rera waƙa da kari, ana saka amshin da jama'a za su kama. Slayer da Possessed da Dark Angel, da kuma Kreator da Sodom na Jamus, suka bi hanyar duhu. Daga wannan reshe na biyu death metal ya tsiro, kuma ba rana ɗaya ba. Tsakanin 1984 da 1989 aka yi ta canza abu ɗaya bayan ɗaya, har abin ya daina amsa sunan thrash.

Mutane da yawa suna cewa death metal thrash ne da aka ƙara wa gudu. Ban yarda da wannan ba. Darkness Descends na Dark Angel da ya fito a 1986 ya fi kaso mai yawa na Slowly We Rot na Obituary gudu, amma na farkon thrash ne, na biyun kuwa death metal ne tsantsa. Inda gizo ke saƙa shi ne hannun dama na mai jita, sai ganga, sai murya, sai ɗaurin tsirkiya.

Fara da hannun dama, domin nan aka fi daɗewa. Ginshiƙin thrash shi ne rif, wato gajeren zubin jita da ake maimaitawa, kuma ana kaɗa shi ne da sara ƙasa-ƙasa: farcen roba yana sauka a kan tsirkiya mafi kauri, ba ya kaɗawa a hanyar dawowa, gefen tafin hannu kuma yana danne tsirkiyar a gindinta don amon ya fito gajere, jif-jif-jif. Wannan salo yana da iyaka, kuma lissafi ne kawai. A gudun bugu 212 a minti, wanda shi ne kusan gudun waƙar Master of Puppets, sara biyu a kowane bugu ya kama sara 424 a minti, kusan bakwai a daƙiƙa. 'Yan kaɗan ne ke wuce nan ba tare da damtse ya ƙage ba. Wanda yake son fiye da haka dole ya kaɗa a sauka ya kaɗa a hawa, sara huɗu a kowane bugu. A gudun 200 wannan ya ba ka sara 800 a minti, sama da 13 a daƙiƙa. A nan kunne ya daina ƙirga sara ɗaya-ɗaya, sai ya ji zare guda mai karkarwa kamar kukan inji.

Masu thrash sun san wannan kaɗi, amma yawanci a kan sauti ɗaya suke yin sa, tsirkiya a buɗe, a matsayin shimfiɗa, sannan su jefa gungun sauti biyu ko uku a ƙarshen layi. Abin da Slayer suka fara yi sosai a Haunting the Chapel na 1984 da Hell Awaits na 1985, Possessed kuma suka ɗauka a Seven Churches na 1985, shi ne barin hannun dama yana ta karkarwa ba tsayawa yayin da hannun hagu yake yawo a wuyan jita. Karkarwar ta tashi daga shimfiɗa ta zama ita ce karin kanta. A ganina wannan shi ne babban juyin, sauran duk biyo baya suka yi.

Sai kuma zaɓin sautukan da hannun hagu yake takawa. Rif ɗin Motörhead, har da yawancin na Metallica na farko, yana ɗauke da ƙanshin kiɗan buluz (blues) da rok na da. Reshen Slayer ya wanke wannan ƙanshi. Tazara biyu suka fi so: gaɓa ɗaya tak a wuyan jita, wato sauti da maƙwabcinsa na jiki, da kuma gaɓa shida, tazarar da ba ta taɓa zama daram a kunne. Ɗauki jitarka ka gwada. Kaɗa tsirkiya ta shida, wato mafi kauri, a buɗe, sannan gaɓa ta 3, sannan ta 5: ka ji rok. Yanzu kaɗa ta a buɗe, gaɓa ta 1, sannan ta 6, sannan ta 7, kowanne da sara takwas na hawa da sauka, kada ka danne da tafi: ka shiga gidan death metal ke nan, ko da gudun bai kai 150 ba.

Matsalar da masu koyo ke cin karo da ita a nan guda uku ce. Wasu suna motsa hannu daga gwiwar hannu maimakon wuyan hannu, sai su yi daƙiƙa ashirin su gaji. Wasu suna nutsa farcen roba cikin tsirkiya da yawa, alhali milimita ɗaya ko biyu na bakinsa ya isa, kuma farcen ya zama mai tauri, kaurin milimita ɗaya ko fiye, domin mai laushi yana lanƙwasa ya makara. Ta uku ita ce mafi yawa: hannu biyu ba sa haɗuwa, hagu yana canza gaɓa a tsakiyar sara, sai amon ya zama kunu. Maganinsa na'urar ƙidayar bugu. A fara a 100, a ƙarfafa sara na farko a kowane huɗu, a ƙara bugu biyar kawai idan an yi minti guda cif ba kuskure.

Ganga ma haka ta bi. Bugun thrash na asali, wanda aka aro daga fank, musaya ce tsakanin babbar gangar ƙafa da ƙaramar gangar hannu mai amon bulala: dum-ta, dum-ta. A gudun 200 ƙaramar gangar tana sauka sau 200 a minti. Abu biyu suka hau kan wannan. Na farko gangar ƙafa biyu da ake birgima da su ba yankewa. Phil Taylor na Motörhead ya nuna hanyar a Overkill tun 1979, Dave Lombardo na Slayer da Gene Hoglan na Dark Angel suka kai ta gudun da ƙafa take tafiya daidai da farcen mai jita, sara huɗu a bugu, kowace ƙafa sau 400 a minti idan gudun 200 ne. Idan ka ji jita da gangar ƙafa sun manne kamar abu ɗaya, to wannan gadon 1986 ne.

Na biyu shi ne ninka dum-ta ɗin nan sau biyu, ƙaramar ganga ta koma sauka sau 400 a minti a gudun 200 ɗin dai, har kunne ya kasa rarrabe ƙafa da hannu. Wannan bugun ɓarin wuta ba daga thrash kai tsaye ya zo ba. Ya biyo ta hannun Repulsion na garin Flint a jihar Michigan, waɗanda suka naɗi Horrified a 1986 amma bai fito a kasuwa ba sai 1989, da Napalm Death na Birmingham da kundinsu Scum na 1987. Pete Sandoval ne ya shigar da shi cikin Morbid Angel a Altars of Madness na 1989. Shi ya sa ka ji su nesa da Metallica: ka tsallake shekara shida da ƙungiyoyi goma a tsakani. Ka lura kuma, kundin ƙungiyar Death na farko, Scream Bloody Gore na 1987, kusan duk bugun thrash ne a ƙarƙashinsa, amma ba mai musun cewa death metal ne. Ashe ɓarin wuta ado ne da ya zo daga baya, ba sharaɗi ba.

Akwai wani gado da ake mantawa da shi, wato nauyi da jan ƙafa. Hellhammer na Siwizalan, waɗanda suka rikiɗe zuwa Celtic Frost suka fitar da Morbid Tales a 1984, sun nuna cewa rif mai tafiyar hawainiya, da amo mai kauri kamar kwalta, zai iya tsoratarwa fiye da gudu. Obituary a Filorida da Autopsy a Kalifoniya daga nan suka ɗebi rabin kayansu.

Murya ita ce abin da baƙo ya fara ji, kuma ita ce ta fi saurin bayani. Tom Araya na Slayer ihu yake yi, amma kalmominsa suna fita, kuma akwai sauran kari a ciki. Jeff Becerra na Possessed ya zubar da karin gaba ɗaya ya koma haushi mai kaushi. Mille Petrozza na Kreator a Pleasure to Kill na 1986 yana yi kamar ana yaga ƙyalle. Chuck Schuldiner na Death ya tsaya tsakanin ihu da gurnani. John Tardy na Obituary ya kai inda a wurare da dama ba kalma ce yake furtawa ba, amo ne kawai. Daga nan Chris Barnes na Cannibal Corpse ya nutsa da ita can ƙasan rijiya a farkon shekarun 1990. Dalilin wannan tafiya ba son ban tsoro kaɗai ba ne. Idan rif ya ƙunshi sautukan da ba sa jituwa, kuma yana canzawa kowane daƙiƙa biyu, babu inda mai rera kari zai ɗora ƙafa. Sai murya ta koma kayan bugu, kamar ganga ta uku.

Ga mai son gwadawa: gurnanin ba daga igiyoyin murya na magana yake fitowa ba, daga wasu naɗe-naɗen nama biyu ne da ke samansu, waɗanda iska take kaɗawa. Hanyar samunsu ita ce doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɓata wa rai, a bar maƙogwaro a sake, iska ta taho daga ciki. Ba ƙarfi ake sa wa ba, makirfo ne yake ƙara girman amon. Minti goma zuwa sha biyar a rana ya ishi mai farawa, da ruwan sha a kusa. Idan ka ji zafi, ko ƙaiƙayi mai sa tari, ko ka wayi gari murya a dushe, to matse igiyoyin gaskiya kake yi, ka tsaya. Dushewar da ta wuce mako biyu zuwa uku ta likitan kunne da maƙogwaro ce.

Yanzu ɗaurin tsirkiya, inda aka fi yin ɓarna. Jita a ɗaurinta na yau da kullum, tsirkiya mafi kauri tana kan sautin E, tana karkarwa sau 82 a daƙiƙa. A nan Metallica suka yi kundayensu na farko. Slayer suka sassauta gaɓa ɗaya zuwa kusan 78, Morbid Angel ma a nan suka yi Altars of Madness. Death suka zauna a D, kusan 73. Carcass na Ingila da Entombed na Suwidin suka gangara har B, kusan 62. Duk wanda ya taɓa sassauta tsirkiyar garaya ya san abin da ke biyo baya: amo ya yi ƙasa, amma tsirkiya ta yi lakwas. Daga E zuwa D ana asarar kusan kashi 20 cikin 100 na ɗaurin, daga E zuwa B kuwa kusan kashi 44. Tsirkiya mai lakwas tana hawa sama da sautinta a lokacin da aka sare ta da ƙarfi sannan ta dawo, tana kuma dukan ƙarafan wuyan jita tana zizz, farcen roba kuma ba ya samun abin turawa, don haka karkarwar nan ta sara 800 ba za ta fito ba.

Gyaran shi ne ƙara kauri daidai da yadda aka sauko. Idan a E kana amfani da tsirkiya mai lamba 46, a D ka nemi 52, a B ka nemi 60 ko 62. Amma sauya tsirkiya kaɗai ba ya gama aiki. Dole a faɗaɗa tsagin da take kwanciya a ciki a saman wuyan jita, in ba haka ba za ta maƙale, ɗauri ya riƙa gocewa. A duba lanƙwasar wuyan, a juya sandar ƙarfen da ke cikinsa rubu'in zagaye a lokaci guda, a jira itacen ya zauna kafin a ƙara. Sannan a matsar da mazaunin kowace tsirkiya a gindi har karkarwar sautin gaɓa ta 12 ta zama ninki biyu cif na ta tsirkiyar a buɗe. Jita mai tsawon tsirkiya inci 25.5 ta fi mai 24.75 riƙe ɗaurin ƙasa.

Kuskure na gaba yana wajen amfilifaya. Mai koyo yakan murɗe maɓallin ƙazanta amo har ƙarshe, ya ƙara na ƙasa, ya kashe na tsakiya, yana zaton nauyi ke nan. A ɗaki shi kaɗai zai ji daɗi, amma da ganga ta shigo jitarsa ta ɓace, domin gangar ƙafa da jitar bes sun riga sun cika ƙasan. Saurari Reign in Blood na Slayer na 1986, waƙa goma cikin ƙasa da minti talatin. Rick Rubin, wanda ya jagoranci naɗar kundin, ya cire amsa-kuwwar da ta lulluɓe Hell Awaits, ya bar komai a bushe kamar ƙungiyar tana gabanka, kuma ƙazantar jitar ba ta kai yadda mutane ke zato ba. Hell Awaits ya koya wa death metal gina waƙa mai ɗakuna da yawa ba amshi, Reign in Blood ya koya masa yadda za a ji kowane sara a cikin gudu. A aikace: maɓallin ƙazanta a bar shi wajen rabi, a rage amon ƙasa kafin ya shiga amfilifaya, a naɗi jitar sau biyu daban-daban a raba ɗaya hagu ɗaya dama. Gangar ƙafa kuma a ɗaga mata amon sama wajen karkarwa 3,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa don ƙas-ƙas ɗin sandar ya fito, in ba haka ba birgimar ƙafa biyu za ta koma rugugi kawai. Wannan tsabta ita ce sana'ar situdiyon Morrisound da ke Tampa a Filorida, inda mai naɗar sauti Scott Burns ya yi aiki a kan Leprosy na Death a 1988, da kundayen farko na Obituary da Deicide da Cannibal Corpse.

'Yan Stockholm ta Suwidin suka yi akasin haka da gangan. A situdiyon Sunlight na Tomas Skogsberg, Entombed suka naɗi Left Hand Path da ya fito a 1990 da fedar Boss HM-2, wato 'yar na'urar ƙazanta amon jita da ake takawa da ƙafa, an murɗe maɓallanta har ƙarshe, amo ya fito kamar injin yankan katako. Ya yi aiki ne saboda rif ɗinsu ba shi da cunkoso, kuma bugun gangarsu ya fi kusa da na Discharge. Ka ɗora rif ɗin Morbid Angel a kan wannan amo ka ji yadda zai narke.

Batun wanda ya fara, an daɗe ana ja-in-ja. A 1984 Possessed suka fitar da kaset ɗin gwaji mai suna Death Metal. A shekarar dai ƙungiyar Schuldiner, wadda ta fara da sunan Mantas a yankin Orlando, ta fitar da nata mai suna Death by Metal. A shekarar kuma kamfanin Noise na Jamus ya fitar da kundin haɗaka mai suna Death Metal, a cikinsa har da Helloween da Running Wild, waɗanda yau ba mai kiran su da wannan suna. Wato sunan ya riga kiɗan zama. Hukuncina: Seven Churches shi ne thrash na ƙarshe kafin a ƙetare kogi, ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, Scream Bloody Gore shi ne na farko da ya sauka a tsallaken. Kamfanin Combat ne ya fitar da su duka biyun, kuma Randy Burns ne ya naɗe su duka, kada a rikita shi da Scott Burns na Tampa.

Yadda yara 'yan sakandare a nahiyoyi uku suka riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya ba asiri ba ne, kaset ne da gidan waya. Ka kwafi kaset ɗin gwajin ƙungiyarku, ka sa a ambulan da jerin abin da kake da shi, wani a Essen ta Jamus ko Belo Horizonte ta Birazil ya aiko maka nasa. Kwafi a kan kwafi yana cinye amon sama ya ƙara shuu da kauri, har wanda ya karɓi kwafi na biyar yakan ji abin ya fi yadda aka kaɗa shi muni, shi kuma ya tashi kwaikwayon abin da ya ji. Kalmomin waƙoƙin ma ta nan suka yaɗu: shaiɗanci irin na Venom da jini irin na finafinan ban tsoro, yawanci don girgiza iyaye da malaman coci, ko da yake akwai waɗanda da gaske suke. Schuldiner kansa ya bar wannan ya koma maganar zamantakewa tun daga Spiritual Healing na 1990.

Idan kana so ka ji iyakar da kunnenka, Sepultura na Birazil sun fi kowa amfani, domin su baya suka yi tafiyar. Morbid Visions na 1986 ɗanye ne, karkarwa da gurnani, jita ma ba ta ɗauru daidai ba. Beneath the Remains na 1989, wanda Scott Burns ya je Rio de Janeiro ya naɗa, ya koma sara ƙasa-ƙasa da danne tsirkiya, kalmomi suna fita, wato thrash, duk da cewa hannun mutumin Tampa ne a kan na'ura. Saka su ɗaya bayan ɗaya, ka manta da murya, ka bi hannun dama na mai jita kaɗai na minti biyu a kowanne. Bayan nan ka jera Show No Mercy, Hell Awaits, Seven Churches, Pleasure to Kill, Scream Bloody Gore, Leprosy, sannan ka koma kan Altars of Madness ɗin da ya ruɗa ka.